Wuta Ba Ta Cin Dafin Gyaɗa

Kwanakin baya na sauka gidan wata gwaggona a Shagari, na iske ta zaune bakin ɗaki da faifai biyu a gabanta tana tsintar gyaɗa, ko in ce gujiya, kamar yadda muke kiranta a wannan yanki. Faifai ɗaya ta zuba manyan ƙwayoyi masu sheƙi, waɗannan na kasuwa ne da iri. Ɗayan kuwa ta tara motsattsu da fasassu da waɗanda suka yi baƙi-baƙi, wasu har da ɗan kore a cikinsu. Na ɗauka na zubarwa ne. Da na tambaya sai ta dube ni kamar na yi saɓo, ta ce, "Haba ɗan nan, a zubar da abinci? Wannan ai ƙarago za a yi da ita. Wuta ba ta barin komi." Ƙarago dai shi ne ƙuli-ƙuli.

Na ji wannan magana a Shagari, na ji ta a Boɗinga, na ji ta a bakin mahauta masu sayen garin ƙuli, har na gaji da jin ta. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kada wani ya ce na zo ɓata wa mata sana'a. Duk wanda ke bin hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal ya san da zarar mota ta tsaya a Boɗinga ko Shagari, 'yan talla za su kewaye ta da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a gora da dakuwa da fura. Bayan kowane faranti akwai wata mata a cikin gida da turminta da kaskonta, wadda da ribar nan take yi wa 'yarta kayan ɗaki, take sayen sabulu da magani. Ni kaina da kuɗin ƙuli aka saya mini allo da littafi. Kuma man da ta matse da hannunta ya fi mini na kanti ƙamshi nesa ba kusa ba. Don haka da zafin na gida nake magana.

Abin da ke cikin wancan faifai na biyu fumfuna ce, wadda ke zaune a cikin ƙasar gona, take kama gyaɗa da masara da dawa da barkono, ta bar musu wani dafi da masana ke kira afalatoksin. Ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, ido kuma ba ya ganinsa.

To, mu koma kan batun wuta. Gaskiya ne wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, shi ya sa ake cewa a tafasa ruwa lokacin amai da gudawa. Ita ma fumfunar, da yake abu ce mai rai, tana mutuwa a kasko. Sai dai dafin da ta riga ta zuba ba rai gare shi ba, balle a kashe shi. Ka kashe maciji bayan ya yi sara, dafin ya fita daga ƙafa? Binciken masana ya nuna sai zafi ya haura digiri 230 kafin wannan dafi ya lalace sosai, alhali man da ake suya da shi yakan tsaya ƙasa da digiri 200. In aka ce za a kai shi wancan zafi, gawayi za a kwashe. Suya tana rage wani kaso, ban musa ba, amma ragowar tana nan, kuma ita ce ke shiga cikin yara.

Akwai ma abin da ya fi wannan ban takaici. Idan aka soya gyaɗa aka niƙa aka matse mai, mafi yawan dafin ba ya bin man, a cikin tunkuza yake zama. Tunkuzar nan kuwa ita ce ake mulmulawa a soya ta zama ƙuli-ƙuli. Ma'ana, aikin da gwaggona take ganin yana tsarkake gyaɗar, tattara dafin yake yi wuri ɗaya. Sannan ba sai duk kwanon ya lalace ba. 'Yan ƙwayoyi kaɗan, idan injin markaɗe ya haɗa su da sauran, sun isa su ɓata kwaɓin gaba ɗaya.

Wata za ta ce, "Mu da iyayenmu mun ci, ga mu nan da ranmu." Wannan ita ce hujjar da ta fi kowace yaudara, domin dafin ba ya kayar da mutum nan take sai in ya yi yawa ƙwarai. Hanta yake ci a hankali, shekara da shekaru. Hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya shi a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara, musamman ta hanta, kuma haɗarin yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Mutum nawa muka binne da kumburin ciki da idanu rawaya, aka ce shawara ce ta yi ƙarfi, ko sammu aka yi masa? Ban ce duk gyaɗa ce ba. Amma wa ya taɓa tambayar abin da ya yi shekara talatin yana ci? An kuma danganta dafin da tsumburewar yara da raunin garkuwar jikinsu.

Ba yau aka san shi ba. A 1960 talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila bayan an ciyar da su tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil, a nan ne aka gano dafin. A 2004 kuma a gabashin Kenya mutum 125 suka rasu bayan sun ci masarar da aka adana da danshi. Su ma ai dafa tuwonsu suka yi, ba ɗanya suka ci ba. Ƙasashen Turai yanzu ba sa karɓar gyaɗar ci in dafin ya wuce kashi 4 cikin biliyan. Abin da Bature ya ƙi ba wa ɗansa, mu muna ƙulla shi a leda mu ba namu ya tafi makaranta.

Kuma ƙuli ba a hannun yaro kaɗai yake ƙarewa ba. Shi ne a kwaɗon zogale da na rama, shi ne a yajin tsire, gyaɗar nan ce dai a labun kilishi. Idan ma aka zuba wa saniya ko akuya tarkacen, wani sashe na dafin yana fitowa a nononta, ya dawo mana a kwaryar fura.

Fari a ƙarshen damina da gara da sauran ƙwari suna taimaka wa fumfuna shiga kwanso, wannan ba a hannunmu yake duka ba. Wanda ke hannunmu ya fi yawa.

Manomi ya cire gyaɗarsa da ta nuna, kada ya bar ta a ƙasa yana jiran ya gama da gero. In ya tuge, ya kife ta kwanso sama, ya bar ta ta sha iska, kada ya tara ta tsibi da danshi. A shanya a kan tabarma ko tamfol, ba a kan ƙasa tsirara ba, a kwashe da yamma saboda raɓa. Gwajin bushewa kowa ya san shi: ka girgiza kwanso ka ji ƙwaya tana kaɗawa, ka ciza ka ji ta yi ƙaras. In ta yi taushi a haƙori, ba ta isa shiga buhu ba. Gyaɗar kala da aka tono bayan makonni, a ware ta dabam. Wata mummunar ɗabi'a ita ce yayyafa wa gyaɗa ruwa don ta yi sauƙin ɓarewa, ko don ta yi nauyi a ma'auni. Na farko ganganci ne, na biyu ha'inci ne, kuma mai yin sa ya san ranar hisabi tana nan. A ajiye ta cikin kwansonta muddin ana iyawa, a ɗora buhu a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango, kada ɗakin ya kasance mai yoyo. Akwai kuma Aflasafe da cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, dawa ce da aka rina shuɗi ana watsa ta a gona, tana ɗauke da irin fumfunar da ba ta da dafi don ta kori mai dafin. Manomi ya tambayi malamin gona na ƙaramar hukumarsa.

Ke kuma Hajiya mai ƙuli, ki daina sayen gyaɗar gindin buhu don araha. Ki tsince kafin suya, ki sake tsincewa bayan kin murje ɓawon, domin a lokacin ne tabon yake fitowa fili. Duk wadda ta motse, ta fashe, ta sauya launi ko ƙwaro ya huda, ki fitar. Kada ki ba kaji, kada ki ba awaki, ki tona rami ki binne ko ki ƙone. Na san asara ce, wataƙila gwangwani ɗaya ko biyu a kwano. Ki ƙara a farashi, ki gaya wa mai saye dalili. In ƙuli ya huce sarai sannan ki ƙulla a leda, kada ki rufe shi da gumi, kuma kada ki yi wanda zai wuce abin da za ki sayar cikin 'yan kwanaki, musamman da damina.

Mu masu saye ma da laifinmu. Mu ne muke taya ƙuli kamar tsinto shi aka yi, sannan mu yi mamakin an yi shi da tarkace. In ka tauna ka ji ɗaci ko warin ruma, tofar, kada ka miƙa wa yaro. A kai jarirai rigakafin ciwon hanta tun ranar haihuwa, kyauta ake yi a asibitocin gwamnati, manya kuma su je a gwada jininsu.

Gwaggona dai ta saurare ni har na gama, ta ce za ta duba. Malamanmu masu wa'azin mata a Boɗinga da Shagari, ku taimaka ku saka wannan magana cikin karatunku, domin taku za ta fi tawa shiga kunnenta.