*CIWON KUNNEN YARO ANA GAB DA TAFIYA: A TAFI NE KO A ƊAGA?*

 

Lokacin hutu ne. Wani zai kwashi iyali zuwa garinsu gaida mahaifa, wani biki zai kai su, wani kuma Allah ya hore masa za a je Umara har da yara. An sayi tikiti, an haɗa tsaraba, saura kwana uku ko huɗu, sai ƙaramin gidan ya tashi cikin dare yana ihu yana jan kunne, jiki rau da zazzaɓi. Daga nan lissafi ya rikice. Maigida na tunanin kuɗin da ya kashe, uwargida na neman abin da za ta ɗiga masa ya yi shiru.

To ku riƙe wannan tun daga farko: kunnen yaron ne zai tsayar da ranar tafiya, ba tikiti ba. Kuma kada a zuba komai a kunne sai wanda ya san aikin ya leƙa ciki.

*Me ke faruwa a cikin kunnen?*

A bayan dodon kunne akwai wani ɗan ɗaki mai cike da iska. Wata siririyar hanya ce ta haɗa shi da bayan hanci, ita ke shigar da iska tana fitar da danshi. A jikin babba hanyar nan doguwa ce kuma a karkace take, tana gangarowa ƙasa. A jikin yaro kuwa gajera ce, ƙunci gare ta, kusan a kwance take. Da zarar mura ta kama shi sai ta kumbura ta toshe, ruwa ya taru a ɗakin, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Ruwan ya zama mugunya, ya riƙa tura dodon kunne. Wannan turawar ita ce azabar da ke hana shi barci, kuma ta fi tsanani in ya kwanta.

Shi ya sa ciwon ya fi kama yara daga wata 6 zuwa shekara 2, kuma yakan biyo bayan mura da 'yan kwanaki. Shi ya sa kuma ya fi yawa da hunturu, lokacin da ƙura da sanyi suka sa kowane gida tari da majina.

Yaron da bai iya magana ba zai nuna muku da kuka marar dalili, jan kunne ko goga shi a kafaɗar uwa, ƙin mama saboda haɗiya na ƙara masa zafi, zazzaɓi, da rashin juyowa in an kira shi. Wani lokaci sai ku ga kuka ya tsaya kwatsam, da safe a tarar da mugunya a matashi. Ba warkewa ya yi ba, dodon kunnen ne ya hude ruwan ya fito. Yawanci hudar kan haɗe da kanta cikin 'yan makonni, matuƙar an kula da kunnen ba a zuba masa tarkace ba.

*Daren farko: a kashe zafin*

Abin da yaron ya fi buƙata a daren shi ne sauƙin raɗaɗi. Farasitamol na yara ya wadatar, amma da nauyin yaro ake auna shi, ba da ƙiyasin ido ba: miligiram 15 ga kowane kilo ɗaya, duk bayan awa 6, kada ya wuce sau 4 a yini da kwana. Misali, yaro mai kilo 10 zai sha miligiram 150. In kwalbar mai miligiram 120 ce a cikin mil 5, kimanin mil 6 ke nan. A karanta jikin kwalba, domin ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuma a auna da sirinji ko murfin da ya zo da maganin, ba cokalin shayi ba. Kada a ba yaro asfirin.

A jiƙa ƙyalle mai tsabta da ruwan ɗumi, a matse, a ɗora a bayan kunnen daga waje. A rungume shi a zaune ko a goya shi, ya fi samun sauƙi a kan kwanciya. A ci gaba da ba shi mama da ruwa ko kunu gwargwadon shekarunsa.

Da gari ya waye a kai shi asibiti ko ɗakin shan magani. Abu biyu za ku nema: a haska cikin kunnen da fitilar duba kunne, sannan a yi gwajin maleriya. A ƙasarmu zazzaɓin yaro ba a yanke masa hukunci da ka, yana iya haɗa biyun a lokaci guda. Ku gaya wa likita ranar tafiyar, da cewa mota ce ko jirgi.

*Abin da ba a zubawa a kunne*

Nan ne aka fi yin ɓarna, kuma da kyakkyawar niyya. Nonon uwa, man ja, man shanu, ruwan albasa, tafarnuwa, turare, har kananzir, duk akwai masu ɗigawa. Ku duba da kyau: ciwon yana bayan dodon kunne ne. In dodon lafiya lau yake, abin da kuka zuba ba zai kai wurin ciwon ba, sai dai ya rufe wa likita gani. In kuma ya hude, abin zai zarce ciki inda 'yan ƙananan ƙasusuwan ji suke, ya ƙara datti ko ya ƙone wurin. Ko ta wace fuska babu riba.

Haka tsinken ashana, gashin kaza da tsinke mai auduga. Ba a sosa kunnen yaro da su.

Za a ce to man zaitun da man habbatus sauda fa? Falalar habbatus sauda ta tabbata a hadisi, zaitun kuma itaciya ce mai albarka, babu mai musun wannan. Amma tabbatar falalar abu daban, sanin inda ake sa shi da yadda ake sa shi daban. Babu nassin da ya ce a ɗiga su a kunnen jaririn da ba a san halin dodon kunnensa ba. Zuma ma, duk da warakar da ke cikinta, ba a ba wa yaron da bai cika shekara ɗaya ba, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna.

Ku tuna da Ummu Ƙais bint Mihsan, Allah ya yarda da ita. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ta zo wa Manzon Allah (SAW) da ɗanta bayan ta danna masa maƙogwaro da yatsa, irin maganin da matan lokacin suka gada. Bai yaba mata ba. Ya hana a riƙa wahalar da yara da wannan hanyar, ya nuna mata wadda ta fi sauƙi. Ashe ba kowane abin da muka taras kakanni na yi ba ne Sunna ta amince da shi. Akwai kuma hadisin da Abu Dawud da wasu suka ruwaito, mai nuna cewa wanda ya yi wa mutum magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, alhakin ɓarnar na wuyansa. Wannan ya shafi maƙwabciya mai bayar da shawara, ya shafi yaron kemis, ya shafe mu mu iyaye.

*Maganin kashe ƙwayoyin cuta: ba kowane yaro ba*

Da yawa daga cikin irin wannan ciwon kan lafa da kansa cikin kwana 2 zuwa 3. Don haka in yaron ya haura shekara 2, kunne ɗaya ne, zazzaɓin ba mai tsanani ba, likita na iya cewa a ba da maganin zafi a jira awa 48 zuwa 72. Kada ku ga kamar ya yi muku rowa.

Akan ba da maganin ne kai tsaye in yaron bai kai wata 6 ba, ko bai kai shekara 2 ba kuma kunnuwa biyu ne, ko mugunya na fita, ko zafin jiki ya kai 39, ko an jira kwanakin babu sauƙi. Tafiya zuwa inda asibiti ke da nisa ma dalili ne da likita zai sa a ma'auni. Wanda aka fi farawa da shi shi ne amozisilin, na kwana 5 zuwa 10 gwargwadon shekarun yaro da tsananin ciwon. In an fara a ƙarasa. Yaro ya fara wasa a rana ta biyu ba shi ne ƙarshen magani ba. Kuma kada a ɗauko ragowar kwalbar wansa ta watannin baya, domin da zarar an dama garin da ruwa, kwanakinsa ƙidayayyu ne, bai wuce mako ɗaya zuwa biyu.

In kunnen na zubar da ruwa, a naɗe ƙyalle mai tsabta mai tsotse ruwa kamar lagwani, a sa a bakin kunnen a hankali, in ya jiƙe a sauya, har sai ya fito a bushe. A yi haka sau 3 a rana. Kada a toshe kunnen da auduga a bar ta wuni.

*To, tafiyar fa?*

In mota ce: yaron da zazzaɓinsa ya sauka, yana ci yana sha, an duba shi an fara magani, yawanci babu laifi ya yi tafiya. A kare shi daga ƙura da iskar taga, a riƙa tsayawa ana ba shi ruwa. Kwalbar magani kada ta kwana a but ɗin mota ko ta sha rana. A tambayi mai ba da magani ko irin wanda sai an sa a firji ne. In ƙauyen babu wuta, a tanadi kula da ƙanƙara, ko a roƙi likita ya zaɓi wanda zai jure.

In jirgi ne, a nan maganar take. Jirgi in ya lula sama, iskar cikinsa takan zama kamar ta kan dutse mai tsawon ƙafa 6,000 zuwa 8,000. In zai sauka kuma sai iskar waje ta riƙa danna dodon kunne ciki. Mai lafiya haɗiyar yawu ko hamma ta ishe shi, hanyar nan ta buɗe iska ta daidaita. Yaron da tasa ke toshe ba ya iya wannan, sai ya sha azaba, wani lokaci har dodon ya hude. Saukar ta fi tashin wuya, kuma takan fara ne kimanin rabin awa kafin a taɓa ƙasa.

Saboda haka in ranar tafiya ta zo yaro na cikin zazzaɓi da kukan kunne, a ɗaga. In ya yi kwana biyu ko uku a kan magani, zafi da zazzaɓi sun tafi, a koma likita ya sake leƙawa, shi zai ce a hau ko a dakata. In ya amince, a ba shi maganin zafi kamar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin sauka. A tashe shi daga barci in an fara gangarowa, domin mai barci bai cika haɗiya ba. Jariri a sa masa mama, wanda ya ɗan tasa a ba shi ruwa yana kurɓa kaɗan-kaɗan a zaune. Magunguna da sirinji su kasance a jakar hannu, ba a cikin kayan da aka auna ba. Kada a ba yaro maganin mura mai sa barci don ya yi shiru a jirgi, ba ya buɗe kunne kuma yana da haɗari ga ƙanana.

In an isa, yaron da kunnensa ke ruwa ba ya shiga rafi, kududdufi ko wurin ninƙaya na otal. Wurin wanka a shafa wa auduga basilin a toshe bakin kunnen, a cire da an gama.

*Alamomin da ba a tafiya da su ko'ina sai asibiti*

• Kumburi mai zafi a bayan kunne, har kunnen ya turo gaba. Ciwon ya shiga ƙashi ke nan.
• Sandarewar wuya, kumburin maɗiga, ko jijjiga. Ana tsoron sanƙarau.
• Yaro ya yi laushi, da ƙyar ake tada shi, ko ya kasa shan mama, ko yana amayar da duk abin da ya sha.
• Karkacewar baki ko gefen fuska.
• Zazzaɓi a jaririn da bai kai wata 3 ba, ko da babu wata alama.

In kun ga ɗaya daga ciki, ko tsakar dare ne, ko kuna kan hanya, a nufi asibiti mafi kusa.

*Bayan an dawo*

Ruwa na iya zama a bayan dodon kunne makonni, wani har wata 3, ba ciwo amma ji ya ragu. Ku lura: yana juyowa in an kira shi daga baya? In shiru-shirun ya daɗe, ko mugunya ta kai kwana 14 tana fita, a kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Kunnen da aka bari yana ruwa shekara da shekaru yana daga cikin manyan dalilan kurumtar da za a iya kaucewa. Yaron da ba ya ji sosai maganarsa kan yi jinkiri, a makarantar allo da ta boko a riƙa dukansa ana cewa ba ya gane karatu, alhali muryar malam ce ba ta isa gare shi.

Rigakafi kuwa a hannunku yake: mama zalla har wata 6, kada a ba jariri fida yana kwance, a nisanta shi da hayaƙin taba, na itace, turaren wuta da maganin sauro na kunnawa a rufaffen ɗaki, a kuma cika masa allurar rigakafi ta sati 6, 10 da 14, da ta ƙyanda a wata 9.

Addu'a na tare da duk wannan. Manzon Allah (SAW) ya kasance yana nema wa Hasan da Husaini tsari. Ku karanta Fatiha, Ƙulhuwallahu, Falaƙi da Nasi, ku tofa a tafin hannu ku shafe jikin yaron, sannan ku ɗauke shi zuwa ga likita. Shi da ya koya mana addu'ar, shi ne ya umarce mu da neman magani.

Maigida, in ta kama a ɗaga tafiya, ka ɗaga da zuciya ɗaya, kada ka huce a kan uwar yaron. Ka kira mutanen gida ka gaya musu gaskiya, kakar da ke ɗokin ganin jikanta ta fi kowa son ya iso da kunnensa lafiya. Kuɗin tikiti ana mayar da shi, jin da ya tafi ba kullum yake dawowa ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya mana zuri'a bisa Sunna, ya kai matafiya lafiya ya dawo da su lafiya. A tura wa 'yan uwa masu ƙananan yara.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.