Labarin Birnin Agadas Da Duwatsun Azbin

Duk wanda ya taɓa sayen kantun gishirin Balma a kasuwar Kano ko ta Damagaram, ya ci arzikin Agadas ko da bai taɓa taka ƙasarta ba. Haka nan almajirin da ya karanta tarihin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya ji sunanta tun yana yaro. Amma kaɗan ne suka san kamannin garin, da abin da ya ɗaukaka shi, da wahalar da ya ke ciki a wannan zamani.

Agadas tana cikin Jamhuriyar Nijar, arewa da Damagaram da kamar kilomita 450, a gindin duwatsun Azbin, waɗanda Abzinawa su ke kira Ayar. A ƙidayar 2012 an sami mutum fiye da 110,000 a cikinta. Ruwan sama kaɗan ne a wurin, ba ya isa noman gero. Abin da ya tara jama'a a wannan fako shi ne hanya. Hanyar Tarabulus da Gat daga arewa, da ta Balma daga gabas, da ta Gawo daga yamma, da ta Katsina da Kano daga kudu, duk a nan suka haɗu. Saboda haka in hanya ta buɗe Agadas ta cika, in ta toshe Agadas ta rame. Tarihinta duka a kan wannan ya ke tafiya.

Gobirawa suna cewa kakanninsu a Azbin suka zauna kafin su gangaro kudu, har yau kuwa Hausa ita ce harshen kasuwar Agadas. Sarautar Azbin an kafa ta wajen 1405. Kabilun Abzinawa ne suka gaji da yaƙin junansu, suka nemi sarkin da ba na wata kabila daga cikinsu ba, don ya raba musu gardama, ya kuma tsare wa fatake hanya. Masu ba da labari sun ce har Santambul aka aika neman ɗan sarki, aka zo da Yunusa, shi ne sarki na fari. Bayansa aka mai da gidan sarauta Agadas. Askiya Muhammadu na Sangai ya kawo mata yaƙi a 1500, ya sake dawowa a 1515, ta riƙa ba shi gaisuwa. A fadar akwai wata sarauta da a ke kira Sarkin Turawa, shi ke kula da fataken Larabawa da kuɗin fiton kayansu, gama a da Larabawa a ke kira Turawa tun Nasara ba su zo ba.

Hanyar da ta kawo haja ita ta kawo littafi. Shehu Magili ya zauna a Tigidda ta ƙasar Azbin yana karantarwa kafin ya iso Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Shehu Jalaluddini Suyuɗi ya rubuto wasiƙar nasiha daga Masar zuwa ga Sarkin Agadas da Sarkin Katsina. Daga baya Shehu Usmanu ya lazimci malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru kamar shekara guda, ya bi shi har Agadas. Da Malam Jibrilu ya yi niyyar wucewa Makka sai ya komar da almajirinsa gida, domin mahaifinsa bai yi masa izinin tafiya hajji ba. A nan suka rabu, ɗaya ya yi gabas, ɗaya ya komo ƙasar Gobir.

Baƙo in ya doso garin, abin da zai fara hangowa shi ne hasumiyar babban masallaci. An gina masallacin wajen 1515, mutanen gari suna danganta gininsa ga wani waliyyi Shehu Zakariya'u, an kuma sabunta shi a 1844. Tsawon hasumiyar mita 27 ne, watau kusan ƙafa 90, ba dutse ba siminti, laka zalla, ana kuwa cewa babu hasumiyar laka a duniya da ta kai ta tsawo. Tana da faɗi a gindi, tana tsukewa zuwa sama. Itatuwan da suka fiffito a jikinta su ke riƙe ginin, su ne kuma matakan magina in za a yi yaɓe. A zamanin hare-hare daga samanta a ke tsaron gari, a hango ƙurar mahara tun suna nesa. Kusa da masallacin fadar Sarkin Azbin ta ke, kewaye da su kuma tsohon gari mai unguwa 11, da lunguna ƙunci, da soraye na tubali. A 2013 hukumar UNESCO ta sa wannan tsohon gari cikin kayan tarihin duniya. Maƙeran farfaru na garin sun shahara da wani abin wuya na azurfa da Turawa su ke kira gicciyen Agadas, dukawa kuma da sirdin raƙumi da takalma. A watan Muharram a ke bikin Biyanu, samari su sha rawani su zaga gari da tambura.

Garin ya ga faɗuwa ba sau ɗaya ba. Wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya ke kiran kansa Abdulkarimu, ya sauka a cikinsa a watan Oktoba 1850, ya tarar da kangaye sun fi gidajen da a ke zaune, ya ƙiyasta mutanen ba su wuce 7,000 ba. Gidan da ya sauka yana nan, ana nuna wa baƙi. Da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano a 1912, kayan da a ke ɗaukowa daga Tarabulus bisa raƙumi suka koma shigowa ta Ikko, fataucin arewa ya mutu. Sa'an nan a watan Disamba 1916 Kawusan ya tayar wa Faransawa, Sarki Tagama ya goyi bayansa, suka tsare barikin Agadas har zuwa Maris 1917. Da gudummawa ta iso wa Faransawa, suka kashe mutane da yawa har da malamai, ƙasar Azbin ta watse, jama'a suka yi kudu.

Abin da bai mutu ba shi ne ayarin gishiri. Bayan damina, Abzinawa su kan tara raƙuma, madugu ya shige gaba, su keta Tenere zuwa Faci da Balma, tafiyar kusan kilomita 600 cikin rairayi. Su kan ɗauki ciyawar raƙuma tun daga gida, suna ajiye dami-dami a hanya saboda komowa, gama babu abin da dabba za ta ci a tsakani. Gero su ke kaiwa, su karɓo gishiri da dabino, sa'an nan su gangara Damargu da Damagaram har ƙasar Kano, su sayar, su sayi hatsi da baƙin rawani ɗan Kura. Motoci sun rage wannan fatauci ƙwarai, amma ba su kashe shi ba.

Su kuwa duwatsun, wanda ya shiga cikinsu sai ya yi mamakin ikon Allah. Daga nesa baƙaƙe ne ƙirin, kamar ba abin da zai rayu, amma a cikin kwaruruwansu akwai ruwa kusa. Mafi tsawonsu yana kan tudun Bagzan, mita 2,022, da hunturu sanyinsa ya kan sa ruwa ya daskare. A Timiya akwai ruwa mai zubowa daga kan dutse, da garake inda raƙumi ke jan guga, ana noman lemo da rumman da inabi da dabino da alkama. Albasar Azbin da tafarnuwarta da dankalinta motoci ke kai su kudu har bakin teku. Tsakanin Agadas da Arlit, a wani wuri Dabus, mutanen da suka shuɗe shekaru dubbai sun zana raƙuman dawa biyu a jikin dutse, babban ya fi mita 5, shaida ce cewa wannan hamada ta taɓa zama daji mai ruwa. Akwai kuma kufan Asode, wanda ya ke babban gari ne a da, yau sai bangayen masallaci da iska. A Tenere an yi wata itaciya guda tak da ayari ke auna hanya da ita, wani direba ya banke ta a 1973, gawarta tana gidan tarihi na Yamai. Yamma da Agadas, a Ingal, makiyaya Abzinawa da Fulani su kan taru a ƙarshen damina dabbobi su sha ruwan gishiri.

Waɗannan abubuwa su suka jawo masu yawon buɗe ido. A shekarun 1980 jirage suna saukowa da su daga Turai, tseren motocin Faris zuwa Dakar yana ratsa garin, direba da ɗan jagora da maƙeri da mai masauki kowa yana samu. Tawayen 1990 zuwa 1995 ya tsai da wannan, aka fara farfaɗowa, sai na 2007 zuwa 2009 ya zo, aka kuma sace ma'aikatan haƙar yuraniyam a Arlit a 2010. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Direbobin da suka san hamada suka koma jigilar masu neman ƙetarawa Libiya, waɗansu suka tafi haƙar zinariya da aka gano a Jado a 2014. Gwamnati ta hana jigilar da doka a 2015, ta soke dokar a 2023. Rayuka da yawa sun salwanta da ƙishirwa a wannan hanya, cikinsu har da mata da yara na ƙasar Hausa.

Ruwa ma ya zama abin tsoro. A Satumba 2009 ƙoramar Telwa ta yi ambaliya ta rushe gidaje masu yawa, ginin laka kuwa in ba a yaɓe shi a kan kari ba, damina kaɗan ta ishe shi. Yaɓe sai da kuɗi, kuɗin Agadas kuwa a hannun baƙo ya ke zuwa. Kakannin Abzinawa sun gane haka tun shekara 600 da suka wuce, shi ya sa suka naɗa sarki don tsaron matafiyi. Asode tana nan kwance cikin duwatsu, kowa ya ga abin da ke samun garin da ayari ya daina bi. Allah ya ba ƙasar Azbin zaman lafiya, ya kai matafiya gida lami lafiya, amin.