TARON ƘIRƘIRA DA BUƘATUN MAI SAYE

1.0 Gabatarwa

Kowace ma'aikata, ta gwamnati ce ko ta 'yan kasuwa, an kafa ta ne domin wasu mutane da ke wajenta: mai saye a kanti, majinyaci a asibiti, manomi a ofishin gona, ɗan fansho a baitulmali. Sai dai sau da yawa masu tsara aikin ba su taɓa tsayawa inda waɗannan mutane ke tsayawa ba. Ta haka ake samun kayan da ba mai saye, da fom ɗin da ba mai iya cikawa, da na'urorin da aka kashe wa dukiya mai yawa suna ajiye ƙura ta rufe su. Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana wata hanya da ake bi don rage wannan tazara, watau taron ƙirƙira.

Taron ƙirƙira ya bambanta da taron bita, inda masani ke koyarwa saura na sauraro. Ya kuma bambanta da zaman kwamiti, inda akan amince da abin da aka riga aka tsara. Zama ne na mutane kaɗan, na yini ɗaya ko 'yan kwanaki, da nufin fito da sababbin dabaru game da wata matsala guda. Kalmar "mai saye" kuwa, a nan tana nufin duk wanda abin zai ƙare a hannunsa, ko ya biya kuɗi ko bai biya ba.

2.0 Asalin Al'amarin

Mutumin da ya fi kowa yaɗa wannan irin zama shi ne Alex Osborn, ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin tallace-tallace na BBDO a birnin Niyok na Amurka. Ya lura cewa a tarurrukan ofis da zarar wani ya kawo shawara sai a hau suka, saboda haka masu shawara suka koyi yin shiru. A cikin littafinsa Applied Imagination na 1953 ya shimfiɗa ƙa'idoji huɗu: kada a soki shawara yayin da ake tattarawa, a yi maraba da shawara ko da ta yi kama da shirme, a nemi yawa, kowa ya ɗora a kan abin da ɗan'uwansa ya kawo. Cikin 'yan shekaru hanyar ta bazu a kamfanoni da ma'aikatun Amurka, aka ɗauka cewa tara mutane a ɗaki ɗaya su yi ta magana shi ne maganin ƙarancin dabara.

3.0 Abin da Bincike ya Nuna

A 1958 wasu masana a Jami'ar Yale, Taylor da Berry da Block, suka gwada wannan zato. Suka ɗauki ɗalibai 96, suka raba rabi zuwa rukuni 12 na mutum huɗu-huɗu, sauran rabin kuwa kowa ya zauna shi kaɗai. Aka ba su matsaloli iri ɗaya da ƙa'idojin Osborn. Da aka haɗa shawarwarin waɗanda suka zauna su kaɗai huɗu-huɗu, aka cire maimaici, sai aka ga sun kusa ninka na waɗanda suka yi zaman tare.

A 1987 Diehl da Stroebe na Jami'ar Tübingen a Jamus suka bi diddigin dalili. Sun duba abubuwa uku: tsoron abin da jama'a za su ce, da lalacin wanda ya ga akwai masu yi, da kuma jiran layin magana. Suka tarar na ukun ya fi ɓarna. Mutum ɗaya ne ke iya magana a lokaci guda. Kafin layi ya zo kan na huɗu, ya manta abin da ya zo masa, ko kuwa ya shagala da riƙe shi har bai yi wani sabon tunani ba.

Wannan bai rushe amfanin taro ba, amma ya sauya tsarinsa. Tun ƙarshen shekarun 1960 wani Bajamushe, Bernd Rohrbach, ya fito da hanyar da ake kira 6-3-5: mutum 6, kowa ya rubuta shawara 3 cikin minti 5, sa'an nan ya miƙa takardarsa ga na kusa da shi ya ɗora. Bayan zagaye shida, cikin rabin sa'a, ana iya samun shawara 108 ba tare da kowa ya buɗe baki ba. A Japan kuma, masanin al'adun jama'a Kawakita Jiro ya tsara hanyar rubuta kowane bayani a kan kati guda, a baje katunan, a tara masu kama da juna, sai daga baya a raɗa wa kowane tari suna.

Amma duk waɗannan gyare-gyare sun shafi yawan shawara ne. Akwai matsalar da ta fi wannan girma: ana iya samun shawara ɗari, dukansu amsar tambayar da ba daidai ba.

4.0 Misali: Jakar Ɗumama Bakwaini

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa an haifi jarirai bakwaini kimanin miliyan 13.4 a shekarar 2020. Ɗaya daga cikin manyan haɗurran da ke fuskantar irin waɗannan jarirai shi ne sanyi, domin jikinsu ba shi da kitsen da zai riƙe ɗumi. A asibiti akan sa su a kwalba, na'urar da kuɗinta ke iya kai dala 20,000, kuma ba ta aiki sai da lantarki tsayayye.

A 2007, a wani aji na Jami'ar Stanford da ke koyar da ƙera kaya masu araha domin talakawa, aka ba wasu ɗalibai, cikinsu har da Jane Chen da Linus Liang, aikin ƙera kwalba mai rahusa ƙwarai. Da sun tsaya a ɗakin taro, da abin da za su yi shi ne rage tsadar gilashi da waya da injin. Maimakon haka Liang ya tafi Katmandu, babban birnin Nepal. A can ya ga abin da ba wanda ya zata: akwai kwalabe a asibitin birni, amma da yawa babu jarirai a ciki. Dalili kuwa shi ne, jariran da ke buƙatarsu a ƙauyuka masu nisa ake haihuwarsu, kuma ba su isowa birni da rai.

Wannan ganin ido ya sauya tambayar baki ɗaya. Mai sayen da aka ɗauka likita ne a asibiti, ashe uwa ce a ƙauye ko unguwarzoma a ƙaramin ɗakin shan magani. Sai tambayar ta koma: ta yaya za a riƙe ɗumin jariri a inda lantarki ba shi da tabbas, a hannun wadda ba ta koyi aikin jinya ba? Abin da suka ƙera, wanda suka kira Embrace, wata 'yar jaka ce da ake naɗe jariri a ciki, mai aljihu a baya. A aljihun ake sa wani ƙunshi na kaki mai kama da na kyandir, wanda idan aka narkar da shi yakan riƙa sakin zafi a hankali, a kusan digiri 37, na tsawon sa'a 4 ko fiye. An fara amfani da ita a Indiya a 2011.

Gwaji a hannun iyaye mata ya sake koya musu wani darasi. Da farko an sa wa jakar ma'auni mai nuna lambobin zafi. Sai wasu mata a Indiya suka bayyana cewa a ganinsu maganin asibiti ƙarfi gare shi, don haka sukan rage abin da likita ya ce a ba yaro, kuma haka za su yi da zafin jakar. Wannan kuwa na iya kashe jariri. Aka cire lambobin, aka sa alama guda mai nuna cewa zafi ya yi daidai. Babu yawan basirar da za ta hango wannan daga ɗakin taro. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

5.0 Tsarin Zaman

Daga abubuwan da suka gabata ana iya fitar da tsarin taron da zai yi amfani.

Aikin yana farawa ne tun kafin ranar zama. Kowane mahalarci ya fita ya ga masu saye a inda suke, ya tsaya a layin da suke tsayawa, ya cika fom ɗin da suke cikawa. Abin lura shi ne abin da mutane ke yi, musamman dabarun da suka ƙago don kauce wa wahala, domin mutum yakan faɗi abin da yake zaton mai tambaya na son ji. Inda masu sayen matan aure ne da ke cikin gida, mata ne za su shiga wurinsu.

Mahalarta kada su wuce bakwai ko takwas, kuma a haɗa waɗanda ke tsara aiki da waɗanda ke fuskantar jama'a kullum, kamar akawun da ke karɓar takardu da malamar jinya da masinja. A nan akwai wata matsala da ta shafi ofisoshin ƙasar Hausa kai tsaye: tarbiyya ta hana ƙarami ya riga babba magana, balle ya saɓa masa a bainar jama'a. Ladabi ne mai kyau, amma a taron ƙirƙira yana nufin wanda ya fi kowa sanin mai saye shi zai fi kowa shiru. Maganinsa shi ne a fara da rubutu, kowa shi kaɗai, a kan katunan da ba suna, shugaba kuma ya yi magana daga ƙarshe. Haka kuma a yi zaman da harshen da kowa ya fi sakewa da shi.

Bayan an tattara katuna an kasa su, sai lokacin suka ya zo, domin dakatar da suka Osborn ya ce a yi, bai ce a bar ta har abada ba. Ma'aunin kowace shawara shi ne abin da aka gano a wurin mai saye. A zaɓi biyu ko uku, a yi musu samfuri mai arha, ko da da kwali ne ko zane a takarda, a kai wa masu saye su gwada. Jake Knapp, a littafinsa Sprint na 2016, ya tsara wannan duka cikin kwana biyar, inda ake keɓe rana ta ƙarshe don gwada samfuri a hannun masu saye biyar, ɗaya bayan ɗaya.

6.0 Kammalawa

Mafi yawan tarurrukan ƙirƙira ba a ɗakin taro suke mutuwa ba, a mako na gaba suke mutuwa, sa'ad da kowa ya koma teburinsa aka sa rahoto a fayil. Saboda haka kafin a watse wajibi ne a rubuta sunan wanda zai ɗauki kowace shawara da aka zaɓa, da ranar da zai kawo sakamakon gwaji, da kuɗin da aka ware masa. Ɗaliban Stanford sun shafe kusan shekara huɗu tsakanin ajinsu da ranar da jakarsu ta isa asibitocin Indiya, suna gyarawa suna komawa wurin iyaye mata. Ma'aikacin da aka ɗora wa shirya irin wannan taro ya kamata ya tambayi shugabansa tun farko ko akwai niyyar bin abin har ƙarshe. In babu, gara a bar mutane a bakin aikinsu, domin ma'aikacin da aka nemi shawararsa aka watsar ba zai sake bayarwa ba.