Silimar unguwa a Kano da makomar tsofaffin gidajenta

Silima ta shigo Kano ne ta bayan ganuwa. Gidan farko, Rex, an buɗe shi a 1937, kuma shi da mafi yawan waɗanda suka biyo bayansa 'yan kasuwa Kwarori ne, mutanen Lebanon, suka gina su a Sabon Gari da Fagge da sauran wuraren da baƙi suke zama. Mutanen birni tun da fari suka sa wa abin ido. Kafin a gama shawo kansu sai ga gobarar silimar El Duniya a ranar 13 ga Mayu 1951, wadda ta tashi daga ɗakin na'ura ta halaka mutum 331 cikin kusan 600 da suke kallo. Jama'a da dama suka ce ishara ce daga Allah. Da aka buɗe Palace a Jakara a 1952, kusa da Kasuwar Kurmi, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, samari suka yi ta jifan gidan da duwatsu, domin a ganinsu an shigo da ɓarna har tsakar gida.

Duk da wannan, silima ta zauna, ta kuma yi al'adunta. Wanda ya tashi a Kano tsakanin shekarun 1960 zuwa 1980 ya san Plaza da Orion da Wapa da El Dorado da Queens, daga baya kuma Marhaba. Yawancinsu ba su da rufi. Katanga ce doguwa ta kewaye fili, a gaba ga farin bango, a baya ga ɗakin na'ura mai 'yar taga da haske yake fitowa ta ciki. Saboda haka rana ce take yanke lokacin wasa: sai duhu ya yi, an idar da sallar isha'i, sannan a kunna. Da damina idan hadari ya taso kowa ya san abin da ya saya. Da hunturu kuwa mutum ya zo da mayafinsa ya dunƙule a kan benci.

Shirin yakan fara tun la'asar. Ana kafe hoton fim ɗin dare a allo a bakin ƙofa, yara da samari su taru suna nazarinsa, wanda ya taɓa gani yana ba sauran labari, har ya nuna musu bos da jarumi da wadda za a yi rigima a kanta. Kafin magariba bakin silima ya zama kasuwa. Mai tsire ya hura wuta, mai shayi ya jera kofuna da burodi, ga mai rake da wuƙarsa, ga 'yan talla da gyaɗa da dafaffen ƙwai da goro. Wajen yankan tikiti kuwa sai mai ƙarfi, musamman daren sallah ko ranar da aka kawo sabon fim. Taga ce ƙarama, hannu kawai yake shiga, mutum ya cusa kuɗinsa a dunƙule ana matsa shi ta baya. Akwai masu sana'ar shiga turmutsutsun su sayo da yawa su sayar da riba. A ciki kowa da matsayinsa: masu ƙaramin kuɗi a gaba dab da bango, wuya a ɗage, masu hali a baya a kan kujeru.

Bahaushe ba ya kallon fim shiru. Idan jarumi ya bayyana sai tafi da fito, idan bos ya laɓe a bayan ƙofa sai a yi ta yi wa jarumi ihu ya waiwaya. Fim ya tsinke, ko wuta ta ɗauke, mai na'ura ya sha zagi har ya haɗa. Akan kawo na kaboyi da na Canis masu faɗa, amma Indiya ce ta mallaki yawancin dararen mako. Ba a fassara ta, ba kowa ne yake karanta rubutun ƙasan hoto ba, amma mutane sun gane komai, domin abin da ake nunawa nasu ne: auren dole, kunyar iyaye, talaka da mai kuɗi, uwa da ɗanta. Mother India na 1957 an yi shekaru ana maimaita shi gida yana cika. 'Yan kallo suka raɗa wa 'yan wasa sunaye: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Waƙoƙin suka fito daga katanga suka bi gari, har masu bandiri, irin su ƙungiyar Ushaq'u Indiya, suka ɗauki karin suka ɗora yabon Annabi a kai.

Wani abu da ba za a ɓoye ba shi ne silima wurin maza ce. Matar aure ba ta zuwa, budurwar da aka gani a can kuwa sunanta ya ɓaci. Akwai hayaƙin taba da na abin da ya fi taba, akwai 'yan daba. Uba yakan yi wa ɗansa dukan tsiya idan ya ji an gan shi a Plaza, yaro kuwa gobe ya sake haura katanga. Wannan tabo shi ne ya bi gidajen har bayan mutuwarsu.

Abin da ya kashe su ba ɗaya ba ne. Naira ta faɗi bayan 1986, sayo fim daga waje ya yi tsada. Bidiyo ta shiga gidaje, mata suka samu kallon da aka hana su a waje. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, fim ɗin Hausa ya kama hanyarsa ta kaset. Na ɗan lokaci silima ta farfaɗo ta dalilinsa, domin masu shirya fim sukan fara nuna sabon aikinsu a can, musamman da sallah, su mayar da wani abu na kuɗinsu kafin kaset ya shiga kasuwa. Bayan ƙaddamar da Shari'a a 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim na ɗan lokaci, aka kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, dokoki suka tsananta. Samari kuma suka koma gidajen kallon ƙwallo. Filayen silima manya ne, a tsakiyar gari suke, kuɗin haya na shaguna ya fi na tikiti, sai ɗaya bayan ɗaya aka mayar da su wani abu. Silimar da aka buɗe daga baya a Ado Bayero Mall, mai sanyi da kujerun laushi, ta wani aji ce daban, ba ta ɗan unguwa mai 'yan canji a aljihu ba.

A cikin tsofaffin gidajen Palace ce ta yi dace: an mayar da ita asibiti, gidan da aka jefa da duwatsu ya zama wurin da ake kai mara lafiya. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun saba da ba tsohon gini sabon aiki. Gidan Makama ya zama gidan tarihi, Gidan Ɗan Hausa ma haka. A Agadas, wadda UNESCO ta sa tsohon garinta cikin kayan tarihin duniya a 2013, wata tsohuwar fada ta zama masaukin baƙi, hasumiyar masallacin mai tsawon mita 27 kuma tana tsaye ne domin ana taruwa ana sabunta mata yaɓe. Silima kaɗai muka ƙi yi wa wannan gata, saboda muna jin kunyar a ce mun damu da ita.

Ni ina ganin kunyar ba ta da wuri. A kan bencin waɗannan gidaje ne Ali Nuhu da tsararrakinsa suka gaji salon da ya zama Kannywood, sana'ar da take ciyar da dubban gidaje a yau. Maƙwabtanmu sun gane haka. A Injamena an gyara silimar Normandie aka sake buɗe ta a 2011, bayan ɗan ƙasar, mai shirya fim Mahamat-Saleh Haroun, ya ciyo kyauta a bikin Cannes na 2010. A Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso masu fim da mutanen unguwa suka kafa ƙungiya suka yi ta neman gudummawa don ceto Ciné Guimbi, wadda aka rufe a 2005, suka tsara ta da ɗakunan koyo da na taro, ba kallo kaɗai ba.

Irin wannan ne zai karɓu a Kano ko Zariya ko Maraɗi. A samu gida ɗaya da katangarsa ba ta faɗi ba, a bar masa sunansa da farin bangonsa da 'yar tagar tikiti. Da safe ya zama ajin koyon ɗaukar hoto da haɗa sauti. Da rana a ba mata da yara lokacinsu, da masu tsaro mata, abin da tsohuwar silima ba ta taɓa yi ba. Ranar Asabar a ɗaura dambe ko a yi wasan kwaikwayo, da azumi a ba malamai filin tafsiri, masu biki su kama haya. Shaguna a jikin katanga ta waje su biya kuɗin wuta da na mai gadi. Na'urar zamani kuwa ba ta da nauyi, ana iya ɗora ta a mota da janareta a kai ƙauye, kamar yadda Cinéma Numérique Ambulant take yi a Nijar, har wurare irin su Dabaga a ƙasar Ayar su ga fim da harshen da suke ji. A kuma nemi tsofaffin masu na'ura da masu yankan tikiti da suka rage a Fagge da Sabon Gari, a naɗi labarinsu, a tattara hotunan fina-finan da suke ajiye a ƙasan akwati a kafe su a zauren shiga.