Labarin Gida, A Tambayi Juji

Uwargida, da za a tambaye ki yawan abincin da kike zubarwa a mako, me za ki ce? Na san amsar: "Ai ni ba na ɓarna." To, saurara ki ji abin da ya faru a Amurka.

A shekarar 1973 wani malamin Jami'ar Arizona mai suna William Rathje ya so ya san yadda mutanen birnin Tucson ke yi da shararsu. Bai tsaya ga tambaya kaɗai ba. Sai ya sa ɗalibansa suka riƙa karɓo sharar unguwanni, su sa safar hannu, su zazzage ta bisa tebur, su ware takarda daban, kwalba daban, gwangwani daban, ragowar abinci daban. Kowane kashi a auna shi a sikeli, a rubuta. Sa'an nan aka gwada da abin da mutanen unguwannin suka faɗa da bakinsu.

Ashe baki da juji ba su jitu ba! Kwalabe da gwangwanayen giya da aka ƙirga sun zarce abin da masu gida suka ce suna sha nesa ba kusa ba. A shekarar nan kuma naman shanu ya yi wuya a Amurka, amma sai aka tarar an fi zubar da shi a lokacin. Dalili kuwa, tsoro ya sa mutane suna saye da yawa, ba su iya adana shi ba, ya lalace.

Ba wai duk maƙaryata ba ne. Mutum yakan manta, yakan kuma faɗi abin da zai sa a yabe shi. Shi ya sa masu binciken halin jama'a ba su dogara ga tambaya kaɗai in suna son sanin ko ana ware shara. Sai sun auna.

To, ke ma gwada. Nemi kwanduna uku: na ragowar abinci, na kwalba da gwangwani da roba, da na sauran shara. 'Yan makaranta, ku ne malaman rubutu, kowace yamma ku rubuta abin da ya taru, har kwana bakwai. Ɓawo da dusa na awaki ne, gwangwani da roba kuɗi ne wajen 'yan jari-bola. In kuwa kwandon tuwo ke fara cika kullum, rage awo, gama kuɗin cefane ne kike zubarwa. Gani ya kori ji.