"Ka Daina Tunani" Ba Magani Ba Ne

Duk wanda ya kai kukan rashin barci wurin ɗan'uwansa a Mashi ya san amsar da zai samu: "Haba, ka daina sa abu a ranka, ka cire tunani." Da kyakkyawar niyya ake faɗa, amma shawara ce da aka gwada aka ga ba ta ci. A 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Wegner, ya zaunar da ɗalibai ya ce na tsawon minti biyar kada su tuna farin beyar, dabbar nan ta ƙasashen ƙanƙara, duk sanda ta faɗo musu a rai kuma su kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa. Da aka ɗage hanin, sai tunanin ya dawo musu fiye da na waɗanda ba a hana ba tun farko. Kafin zuciya ta tabbatar ba ta tuna abu, sai ta leƙa ta ga ko yana nan, leƙen nan kuwa shi ne tunawar. Saboda haka abin da ya fi shi ne a ba damuwa lokacinta, a tantance ta, a furta ta.

Damuwar mutanen wannan yanki tana da tushe. Mashi na bakin iyaka da Nijar, kuma an rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. A tsakani aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na masarufi suka haura. Binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi a 2024 a ƙananan hukumomin Katsina da Jibiya da Mashi ya nuna tamowa ta yi tsanani a tsakanin yara. Magidancin da ke kwance a tabarma bayan Isha'i yana lissafin daman geron da suka rage a rumbu, yana auna su da watannin da ke gaba kafin kaka, ba ruɗu yake yi ba. Matsalar ita ce jiki ba ya bambanta hatsarin da ke gabansa da wanda ake zato. Duk sanda lissafin ya dawo, jiki ya saki sinadaran shirin gudu ko faɗa, gaba ya faɗi, ƙirji ya buga, ciki ya murɗa. Gari ya waye gero bai ƙaru ba, ga ƙarfin da za a fita nema da shi ya ragu.

A 1983 Thomas Borkovec da abokan aikinsa na Jami'ar Jihar Pennsylvania suka gwada wata dabara mai sauƙi: mutum ya keɓe rabin sa'a kullum, lokaci ɗaya, wuri ɗaya, don damuwa kaɗai. In tunani ya zo a wani lokacin, ba korarsa za a yi ba, sai a ce masa ya jira sa'arsa. A nan bayan La'asar ya fi dacewa, don akwai tazara tsakaninsa da kwanciya. In lokacin ya yi, kowace damuwa a yi mata tambaya ɗaya: akwai abin da hannuna zai iya yi a kai gobe? Kuɗin takin zamani yana da mataki, ko shiga adashi, ko sayar da akuya tun kafin kasuwa ta faɗi, ko tara takin gida tun rani. Zazzaɓin yaro yana da mataki, a kai shi asibiti da safe. Ko ruwa zai ɗauke a Agusta kuwa, wannan ba ya hannun kowa, kuma juya shi sau ɗari da dare ba ya ƙara ɗigo ko ɗaya.

Wani zai ce wannan dabarar ƙoshi ce, ta mutanen da tsoronsu ba ya tabbata. Akwai ƙamshin gaskiya. A wani bincike da Lucas LaFreniere da Michelle Newman suka buga a 2020, mutum 29 masu ciwon fargaba sun rubuta abubuwan da ke damunsu, aka bi sawu wata guda, sai aka ga kashi 91 cikin 100 ba su faru ba. Mutum 29 ba yawa ba ne, kuma ɗaliban jami'a ne a Amurka. Manomin Mashi zai iya samun adadin da bai kai haka ba. Amma wannan ƙara ƙarfafa hujjar yake yi. Wanda rabin tsoronsa zai tabbata shi ya fi buƙatar sanin wane rabin ne, don ya zuba ɗan abin da yake da shi a inda ya kamata.

Wani kuma zai ce ai musulmi tawakkali ya ishe shi. Malamai da kansu sun koyar cewa tawakkali yana tafiya tare da riƙo da sababi, kuma tantancewar da aka bayyana a sama kusan ita ce wannan: a yi abin da ake iya yi, a miƙa saura ga Allah. Kuskuren shi ne a mayar da tawakkali bulala, a ce wa matar da ƙirjinta ke bugawa imaninta ne ya yi rauni. Daga ranar sai ta yi shiru, shirun kuma yakan ƙare a kemis, ana sayen maganin olsa ko na taifot a kan ciwon da ba shi ba ne. Wasu matasa kuwa a tiramol suke ƙarewa.

Furtawa tana da hujjarta. A Zimbabwe likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibitocin unguwa suna sauraron masu damuwa, suna taya su zaɓar matsala ɗaya su nemo mata mataki, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya nuna sauƙi ƙarara. Mu ma a nan muna da majalisa, muna da gwaggo da inna. Abin da ya rage shi ne mai sauraro ya haƙura da saurin cewa "ba komai".

Duk wannan na damuwar yau da kullum ne. Idan fargaba ta yi wata shida tana hana barci da aiki, ta zama ciwo, irin wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 301 na fama da shi a 2019, kuma kusan ɗaya cikin huɗu kawai ke samun magani. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, amma asibitocin ƙwararru irin na Dawanau a Kano da Kware a Sakkwato da Barnawa a Kaduna duk tafiya ce mai nisa daga Mashi. Ma'aikacin asibitin gari shi ne zai fara ganin mai wannan ciwo, don haka shi ya kamata a fara horarwa.