9,401,288: Mu Fasa Yawan Kanawa Mu Ga Cikinsa

A sakamakon ƙarshe na ƙidayar 2006, Jihar Kano ta tashi da mutum 9,401,288. In kana zaune a Hotoro, Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni a lokacin, to kana cikin wannan adadi. An sha gardamar siyasa a kansa, amma yau lambar ce kanta za mu duba, kamar yadda masu lissafi ke yi.

Tambayar farko irin ta wasan yara ce: cika ko mara? Ta ƙare da 8, saboda haka cika ce. Raba ta biyu har sau uku, za ka sauka a kan 1,175,161. Wannan kuma ba ta rabuwa da 3, 5, 7 ko 11. Shi ya sa in ka ce za ka raba Kanawa daidai wa daida ga ƙananan hukumomi 44, wato 4 sau 11, sai kowace ta samu 213,665, mutum 28 su yi saura. Sai a kan 13 take buɗewa: 13 sau 90,397.

A nan aikin yake. Ita 90,397 gagara-rabo ce, wato ba abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Kafin ka tabbatar, dole ka gwada duk gagara-rabon da ke ƙasa da 301, guda 62, ɗaya bayan ɗaya. Me ya sa aka tsaya a nan? Domin 301 sau 301 ya riga ya zarce ta. Ke nan 9,401,288 = 2 × 2 × 2 × 13 × 90,397, kuma babu wata hanya ta biyu ta fasa ta zuwa gagara-rabo.

Daga nan sauran da sauƙi. Lambobi 16 ne ke raba ta. Cire ita kanta ka tara sauran 15, za ka samu 9,582,292, wanda ya fi ta da 181,004. Tun zamanin Girkawa ake kiran irin wannan lamba mai rara. In jimlar ta gaza, mai giɓi ce. In ta zo cif, kamar 6 da ke daidai da 1 + 2 + 3, kamila ce.

Kada ka ɗauka wasa ne kawai. Ka lura, ninkawa ba ta ɗaukar minti ɗaya, fasawa ce ke cin lokaci. A kan wannan bambanci aka gina tsarin tsaro na RSA a 1977, wanda ake amfani da shi a katin ATM ɗin da kake miƙa wa mai POS a bakin titin Maiduguri. Ana ninka manyan gagara-rabo biyu, a bayyana sakamakon, a ɓoye su. Tamu alƙaluma bakwai ce kacal. A 2020 sai da masu bincike suka haɗa ƙarfin kwamfutoci masu ɗimbin yawa kafin su fasa wata mai alƙaluma 250, alhali makullan RSA da aka fi amfani da su a intanet yau suna da alƙaluma 617.